HAKKIN MALAMI RAN DA AKA RUFE MAKARANTA

Karatu: 1 Sama'ila sura 30, Nehemiya 13:10-13, Yaƙub 5:1-6

Akwai wata tambaya da ta shigo gidajen masu bi a shekarar 2020, har yau kuwa ba a sallame ta ba. Ga ta: in annoba ta sa hukuma ta rufe makaranta, yara suna gida, malami kuma yana gida, ya wajaba a biya malamin albashinsa, ko kuwa bai wajaba ba? Waɗansu sun yi gardama a kanta har murya ta tashi. Waɗansu sun yi shiru, suna fatan kwanaki za su binne ta. Amma maganar hakki ba ta binnuwa. Bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu auna ta yanzu da hankali kwance, tun wata annobar ba ta zo ta same mu muna gardama ba.

ABIN DA YA FARU

Ran 27 ga Fabrairu 1920 ba mu nufa ba, ran 27 ga Fabrairu 2020 ne aka fara samun mai ciwon korona a Nijeriya, a can Ikko. Kafin wata guda ya cika, gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe makarantu duka, ran 23 ga Maris. Bayan kwana uku aka hana fita. A ƙarshen watan gwamna Nasiru El-Rufa'i da kansa ya sanar ciwon ya kama shi. Dokar zaman gida ta yi wajen kwana 75, sai cikin watan Yuni aka sassauta ta. Masu bi suka yi Ista a ɗaka, Musulmi suka yi azumi da Ƙaramar Salla cikin takura.

A Zariya, garin da kowa ya sani da karatu, makarantu suka yi tsit. Daga Kwalejin Alhudahuda har Kwalejin Barewa, daga makarantun Wusasa har na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, ba ƙarar ƙararrawa. A cikin birni ma, bayan ganuwa, inda a ke jin muryar yara suna karatun allo tun da asuba, zauruka da yawa sun yi shiru, gama gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohin iyayensu a watannin Afrilu da Mayu. A watan Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe su koma domin jarrabawar WAEC, wadda aka fara ran 17 ga watan. Sauran azuzuwa sai daga Oktoba, a hankali a hankali. A tsakiyar Disamba kuma aka sāke rufewa a jihar, domin ciwon ya sāke tasowa. Watau zango guda cur ya salwanta, da guntun wani.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A watan Afrilu na shekaran nan, yara da ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi a duniya suna zaune gida. A Uganda makarantu sun yi kusan shekara 2 a rufe, sai Janairu 2022 aka buɗe su duka. A Kenya waɗansu masu makaranta sun mai da azuzuwa akurkin kaji domin su sami abin ci.

Kada wani ya ce rufe makaranta rashin bangaskiya ne. Littafin Firistoci sura 13 ya nuna yadda firist ya kan keɓe mutumin da a ke shakkar ciwon fatarsa har kwana 7, in ya cancanta ya ƙara masa wani kwana 7, domin a tsare sauran jama'a. Kakanninmu sun ga murar 1918, wadda ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya. Iyayenmu sun ga sanƙarau na 1996. Hukumar da ta tuna da waɗannan ta rufe makaranta, ta yi aikinta. Tambayarmu ita ce, wa zai ɗauki nauyin rufewar?

MALAMAI IRI UKU

Na fari, malamin gwamnati. Shi albashinsa bai tsaya ba. Gaskiya ne a watan Afrilu gwamnatin jiha ta sanar za ta riƙa cire kashi 25 cikin 100 daga albashin ma'aikata masu albashi mai ɗan kauri, domin a taimaki talakawa. An yi gunaguni a kan wannan, amma tukunyarsu ba ta sauka daga murhu ba.

Na biyu, malamin allo na cikin birni. Shi ba shi da albashi tun asali. Yara su kan kawo masa kuɗin Laraba, iyaye su kan aiko da hatsi da kaka, manyan almajirai su kan taya shi noma, ran saukar karatu kuma a yi masa alheri. Da yara suka watse, wannan ya ragu ƙwarai. Amma akwai abin lura a al'adar maƙwabtanmu. A wurinsu malami ba ɗan ƙodago ba ne da za a sallame shi da yamma. Wanda ya koya maka karatu malaminka ne har ka tsufa, in ka gan shi ka durƙusa, in ka ji yana cikin rashi ka kai masa abin da ka samu. Masu bi ba su da dalilin da za su gaza maƙwabtansu a kan wannan.

Na uku, malamin makarantar kuɗi, ko ta mutum ɗaya, ko ta ekklesiya. A nan ciwon ya ke. Albashinsa daga kuɗin makaranta ya ke fitowa, ba wata rijiya kuma. Yara ba su zo ba, iyaye ba su biya ba, mai makaranta ya ce aljihu wayam. A faɗin ƙasan nan malamai masu yawa sun yi wata da watanni ba ko kwabo. Waɗansu sun koma gona, waɗansu sun hau babur suna acaɓa, mata suka shiga suyar ƙosai da sayar da kayan miya. Ba abin kunya ba ne mutum ya ci guminsa. Abin kunyar yana wurin waɗanda suka ga haka, ba su ko tambaya ba.

Ya kamata mu san yadda muka iso nan. A shekarar 1905 Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Sa'ad da ciwon barci ya fāɗa wa ƙauyen masu bi na Gimi ya watsa shi, makarantar Zariya ce ta karɓi yaran da suka ragu. Wajen 1929 aka ƙaura da aikin zuwa Wusasa. Daga makarantan nan Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko daga Arewa. A zamanin nan mishan ce ke riƙe da malamai, daga baya gwamnati ta riƙa ba da gudummawa ga makarantun da suka cika sharaɗi. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, har Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Da ekklesiyoyi suka sāke buɗe makarantu daga baya, sai suka kafa su a kan ƙafa guda, watau kuɗin da iyaye ke biya. Abin da ke tsaye da ƙafa guda kuwa, iska kaɗan ta isa ta kā da shi.

MU SAURARI MAI MAKARANTA

Shari'ar da aka yanke ba a ji ɗaya gefen ba, ba shari'a ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. A ce ga makaranta mai yara 200, kowane yaro yana biyan Naira 6,000 a zango, bisa ga farashin wancan lokaci. Kuɗin zango ya kama Naira 1,200,000. Malamai 10 ne, kowa Naira 20,000 a wata, watau Naira 200,000 ke fita kowane wata. In an rufe wata 6, albashi kaɗai ya kama Naira 1,200,000, daidai da kuɗin zangon nan da bai shigo ba. Ga kuɗin haya, ga mai gadi, ga iyaye da yawa da ba su gama biyan zangon baya ba. Shi ma mai makarantar yana da iyali. Majami'u kuma suna rufe, baiko ya tsaya. Sai ya ce, “Daga ina zan samo? Ba ni na rufe makaranta ba. Ba a yi aiki ba, don me za a biya?”

Maganarsa ta fari gaskiya ce, Allah kuwa ba ya nemi mutum ya ba da abin da ba shi da shi. Manzo Bulus ya faɗa wa Korintiyawa haka a wasiƙarsa ta biyu sura 8. Maganarsa ta ƙarshe ita ce za mu auna.

SU ƊARI BIYU A BAKIN RAFI

Ku dubi 1 Sama'ila sura 30. Dauda da mutanensa 600 suka komo Ziklag, suka tarar Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da yara. Suka bi sawu. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka kāsa hayewa don gajiya, aka bar su wurin kaya. Mutum 400 suka ci gaba, Allah ya ba su nasara, suka ƙwato kome. Da suka komo, waɗansu cikin mayaƙan suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya kome daga ganima, kowa dai ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya yi gaba. Littafi bai kira masu wannan magana masu tattali ba, ya kira su mugaye. Dauda ya ƙi. Ya tuna musu Ubangiji ne ya ba da nasarar, ya yanke cewa rabon mai tsaron kaya da na mai shiga yaƙi ɗaya ne. Wannan ya zama doka a Isra'ila.

Ku lura, su 200 ɗin nan ba su gudu ba, ba su kuwa ƙi yaƙi ba. Abin da ya fi ƙarfinsu ne ya tsai da su. Dauda bai ƙidaya takobi nawa mutum ya sara ba. Ya duba ko mutumin na rundunar ne. Malamin da ya zauna gida a 2020 yana bakin rafin Besor. Bai ajiye aiki ba, bai tafi wata makaranta ba, yana jiran ƙararrawa.

A cikin surar akwai wani mutum da a kan manta da shi. A hanya mutanen Dauda suka tsinci wani saurayi Bamasare kwance a jeji, kwana 3 bai ci ba, bai sha ba. Bawan wani Ba'amaleke ne, ubangidansa ya yar da shi domin ciwo ya kama shi. A lissafin ubangidan, bawan da ba ya aiki ba shi da amfani. Dauda ya ba shi ruwa da abinci, ransa ya komo, shi ne kuwa ya nuna hanyar sansanin Amalekawa. Mutumin da aka yar don ya daina amfani, ta hannunsa hallaka ta zo wa wanda ya yar da shi. Ga iyayengiji biyu a sura guda. Kowane mai makaranta da kowane dattijon ekklesiya ya tambayi kansa wanne ya bi.

WANDA YA ƘI DA WANDA AKA HANA

Wani zai ce, ai Bulus ya hana Tassalunikawa ciyar da wanda ba ya aiki. Ɗan'uwa, ka sāke karanta 2 Tassalunikawa sura 3. Manzon yana magana a kan mutanen da suka ƙi aiki da gangan, suna yawon shisshigi, suna cin abincin waɗansu. Akwai nisa tsakanin wanda ya ƙi da wanda aka hana. Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mai gonar inabi a Matta sura 20. Da la'asar sakaliya ya tarar da waɗansu tsaye a kasuwa, ya tambaye su dalilin zamansu, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Da yamma ya ba su dinari guda, daidai da waɗanda suka wuni. Misalin a kan alherin Allah ya ke, amma yana nuna mana zuciyar Maigidanmu. Ya san ɗan wanda ya yi aikin awa guda, da ɗan wanda ya yi na awa 12, cikinsu ɗaya ne da dare.

Ban da haka, ku tuna da irin alkawarin da ke tsakanin makaranta da malami. Ba a ɗauke shi kamar mai leburancin yini ba. An ɗauke shi ga shekara. Domin wannan ya bar fatauci, ya rage gona, ya ɗauko iyalinsa ya kama haya kusa da makaranta. A watan Agusta, lokacin dogon hutu, ba ya shiga aji, duk da haka makarantar kirki ta kan biya shi, gama ta san tana bukatarsa a Satumba. Albashin wata ba ladan alli da allo kaɗai ba ne, ladan riƙe mutum ne. Wanda ya ke so ya tarar da malami ran buɗewa, ya wajaba ya riƙe shi ran rufewa.

SA'AD DA LAWIYAWA SUKA KOMA GONA

Nehemiya ya bar Urushalima na ɗan lokaci ya koma wurin sarki Artashate. Da ya komo ya tarar an daina ba Lawiyawa rabonsu. Lawiyawa su ne masu hidimar Haikali, su ne kuma suka fassara wa jama'a Shari'a a sura 8, watau malamai ne. Da yunwa ta matsa, kowa ya koma gonarsa, Haikali ya zama kango. Nehemiya bai tsauta wa Lawiyawa ba. Shugabanni ya tsauta wa. Sa'an nan ya tattaro malaman ya mai da su wurin aikinsu, jama'a suka kawo zakkar hatsi da mai, ya kuma naɗa mutum 4 amintattu su lura da rumbuna, su riƙa rabawa.

Haka ya ke har yau. Malamin da ya gane cewa babur ya fi aji kawo abinci, da wuya ya komo. Wanda ya fi gwaninta shi ya kan fara tafiya, gama shi ne ke da wata ƙofa. Kuɗin da aka hana a wata 6, yara ne za su biya shi shekara da shekaru, a hannun sabon malami da bai ƙware ba. Yaron da bai iya karatu ba, yaya zai karanta Littafi Mai Tsarki da aka sha wahalar juya shi da Hausa har aka buga a 1932? Ekklesiyar da ta bar malamanta su watse, ta sare reshen da ta ke zaune a kai.

Shari'ar Musa ta hana a kwana da ladan ma'aikaci, a Firistoci 19 da Kubawar Shari'a 24, dalilin kuwa shi ne matalauci ne, ransa na kan ladan. Yaƙub ya ƙara da cewa ladan da aka danne yana da murya, yana kuka, Ubangiji Mai Runduna kuma yana ji. Bulus ya umarci Galatiyawa a sura 6 cewa mai koyo ya raba abubuwansa masu kyau da mai koya masa. Amsar Littafi a fili ta ke: hakkin malami bai fāɗi don an rufe ƙofa ba. In babu a hannu, ya zama bashi. Rashin kuɗi ya kan jinkirta biya, amma ba ya shafe bashin.

WA ZAI ƊAUKI JINKAR?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kaya ne na mutum biyar.

Kai mai makaranta, ko kwamitin makarantar ekklesiya. In ka karɓi kuɗin zango cikakke, ka biya albashin zangon cikakke, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuɗi ya gaza, ka tara malamai, ka buɗe littafin kuɗi a gabansu, su gani da idonsu. Ku yi shawara tare, ko rabi, ko sulusi, ko mudun hatsi. Abin da ya ragu a rubuta shi bashi, da sa hannu da shaidu, a biya kaɗan kaɗan bayan an buɗe. In za a rage, a fara daga sama: shugaba ya fara ragewa kansa, a taɓa mai ƙaramin albashi daga ƙarshe. Kada ka kashe waya ka ɓuya. Malamai da yawa za su iya jimre rashin kuɗi, amma shirun maigida ya fi yunwa ciwo. Kada kuma ka bambanta. Malami Musulmi da ke koyarwa a makarantarka, da mai shara, da mai gadi, hakkinsu ɗaya ne da na ɗan ekklesiyarka.

Ku iyaye. Waɗansunku kasuwa ta tsaya muku, ba wanda zai zarge ku. Amma waɗansunku albashinku bai tsaya ko wata guda ba, kuɗin makarantar da ba ku biya ba ya zauna a aljihunku. Kun ci riba daga annoba, malamin ɗanku ya ɗauki hasarar. Ko da doka ba ta tilasta muku ba, ƙauna ta tilasta. Wanda kuma a ke binsa kuɗin zangon da aka riga aka koyar, wannan ba maganar alheri ba ce, bashi ne, ya biya.

Ku dattawan ekklesiya. Ba daidai ba ne makaranta ta zama tamu ran da ta kawo riba, ta zama ta malamai ran da ta kawo hasara. In an taɓa ɗiban kuɗin makaranta an sayi bulo ko kwanon rufin majami'a, to ran wahala sai asusun gini ya rama wa makaranta. Gini ya iya jira shekara guda, ciki ba ya jiran mako. A zamanin Kalaudiyas, da aka yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Haka ekklesiyar gari mai ma'aikata da yawa ta tuna da makarantar ƙauye.

Hukuma ma tana da rabonta, tun da ya ke ita ta ba da umarnin rufewa. A Ingila gwamnati ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida. Ƙasarmu ba ta da wannan ƙarfi, amma Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 75 domin ceton ƙananan sana'o'i, a watan Satumba 2020 kuma makarantu aka fara buɗe wa rajista. An shirya biyan ma'aikaci Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata 3, mutum 10 a kowace ma'aikata. Taimakon ya zo bayan wata 6 da rufewa, kuma sai mai rajista da hukuma da asusun banki ya iya nema. Darasi ke nan gare mu: makarantar ekklesiya ta yi rajista, ta riƙe sunayen ma'aikatanta da littafin albashi a tsare. Ya halatta kuma shugabanninmu su roƙi hukuma, da ladabi da naciya, ta tuna da malaman makarantun kuɗi duk ran da ta rufe makarantu.

Kai kuma malam, da ke malama, akwai naku. Wanda a ke biyansa yana gida, kada ya mai da kwanakin hutu. A 2020 an yi ta koyar da darussa ta rediyo a Jihar Kaduna. Malami ya iya sanar da iyaye lokacin shirin, ya rubuta aikin gida ya aika, ya kira ya ji ko yaro yana karatu, ya shirya darussan zango mai zuwa. In ka ga littafin kuɗi, ka tabbata babu, kada ka ɓata sunan maigidanka a gari. Bulus da kansa ya ɗinka tanti a Koranti, bai kuwa daina zama manzo ba. Ka yi sana'ar da ta samu da kai a ɗage, ka yi haƙuri da mai gaskiya, ka nemi hakkinka ta hanyar dattawa.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Annoba za ta sāke zuwa, ko wani abin da zai rufe makaranta. A 2014 ciwon Ebola ya sa an jinkirta komawa makaranta a ƙasan nan. Bayan shekara 6 korona ta zo. Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi, da haka Masar ta rayu. Mu koma ga makarantar nan ta misali. In ta ajiye kashi ɗaya cikin goma kowane zango, Naira 120,000 ke nan, a shekara Naira 360,000. Cikin shekara 3 ta tara Naira 1,080,000, albashin wata 5 da ɗoriya. Tun da ya ke darajar kuɗi tana zubewa, a iya sayen masara da dawa da kaka da wani kashi, a sayar da bazara, a sāke saye. A sa amintattu su riƙe asusun kamar yadda Nehemiya ya yi, mutum 3 ko 4, kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, kada kuma a taɓa shi don biki ko gini. A rubuta cikin takardar ɗaukar malami abin da za a yi in hukuma ta rufe makaranta, a kuma gaya wa iyaye tun ran da suka kawo yaro. Abin da aka yi shawararsa da rana ba ya zama faɗa da dare.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi. In akwai makaranta ko ekklesiya a cikinmu da har yanzu albashin 2020 ke wuyanta, shekarun da suka wuce ba su wanke shi ba. Dattawa su buɗe littafi a taronsu na wannan wata. A nemi malamin, ko ya bar garin. In ya rasu, a nemi matarsa da 'ya'yansa. In ba a iya biya gaba ɗaya, a je a gaishe shi, a faɗi gaskiya, a fara da abin da ya samu. In ya yafe don kansa, alheri ne daga gare shi, Allah ya sāka masa. Amma wanda a ke bi ba shi da ikon yafe wa kansa. Ubangijinmu ya koya mana a Matta sura 5 cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa ya shirya da shi tukuna. Zakka mai karɓar haraji ya gane wannan ran da Yesu ya shiga gidansa, ya tashi ya yi alkawarin mayarwa, a ran nan kuwa aka ce ceto ya sauka a gidan.

Mu kanmu ma'aikatan la'asar ne. Ba mu yi aikin da ya isa ladan da muka karɓa ba. Sa'ad da mu ke kwance a jeji kamar Bamasaren nan, ba mu da amfani ga kowa, Almasihu bai yar da mu ba, ya ba da ransa dominmu. Wanda aka yi wa haka, yaya zai tsaya yana ƙidaya wa malamin ɗansa kwanaki?

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mai ciyar da mu a shekarar ƙoshi da shekarar annoba. Ka ba masu makarantu gaskiya da ƙarfin zuciya, ka ba iyaye hannu sake, ka ba dattawanmu hikima, ka ta'azantar da malaman da suka sha wuya. Ka tsare Zariya da kewayenta, birni da ƙauye, daga ciwo da yunwa. Ka sa kada kukan ma'aikaci ya hau gare ka daga ƙofar gidanka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.